Illo da Keke Mai Ƙahon Rago

A Argungu, in aka ce Illo na bakin gulbi, tsofaffi ba sa tambayar wane Illo. Masunci ne ɗan masunci, gajere mai faɗin ƙirji, da wani irin taurin kai da ko uwarsa ta haƙura da shi tun yana goye. Ya iya iyo kafin ya iya ɗaure mazagin wandonsa. Ranar da zai fara bin manya zuwa su, wato kamun kifi, mahaifinsa ya kai shi gaban tulin gora, wato manyan duman nan da masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi yawo bisa ruwa da homa, ragar kamun kifi, a hannu, ya ce masa ya rungumi ɗaya. Ka'idar gidansu ke nan: yaro zai rungumi gora, in yatsunsa suka taɓa juna ta baya, tasa ce. In ba su taɓa ba, a ajiye ta sai baɗi, domin gorar da ta fi ƙarfin mai ita juyawa take yi ta danne shi a ƙasa. Illo ya san wannan kamar yadda ya san sunansa, shi ya sa abin da ya aikata daga baya yake ba ni haushi har yau.

Ya auri Sadatu, mace mai sanyin magana wadda ba ta da sanyin ido, komai ƙanƙantar abu sai ta gan shi. Allah ya ba su 'ya'ya maza biyu da tazara mai yawa a tsakani, Dankure da Yari. Dankure shi ne abin alfaharin uban. Tun bai fara gemu ba ya fi samarin unguwa daɗewa a ƙarƙashin ruwa, har Illo ya sa aka sassaƙa masa jirginsa na kansa. Wata rana da rani yaron ya nutse bin wata giwar ruwa a gurbi mai zurfi, saiwar itace ta riƙe masa ƙafa. Illo da hannunsa ya fito da gawar.

Daga ranar ya rantse Yari ba zai taka ruwan da ya wuce idon sawu ba. Lokacin yaron bai daɗe da yaye ba. Sadatu ta yi magana, 'yan'uwa suka yi, har limamin unguwa ya ce masa ajali ba ya tambayar tudu ko gulbi. Illo ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A shekarun da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a rubuta su makarantar boko, shi da ƙafarsa ya kai Yari ya danƙa wa Malam Abdussamadu, malamin elementare. Yaran masunta suka sa wa Yari suna kazar tudu. Yakan zauna a kan gaɓa da allonsa na makaranta yana kallon sa'anninsa suna tsalle cikin ruwa, in ya hango ubansa sai ya ja baya.

A shekarar da aka ce Turawa za su tafi a ba ƙasa mulkin kai, Yari yana wajen shekara tara. Ya fara dawowa gida da ƙujewa a ƙauri. Da aka matsa masa, ya ce keke yake koyo a wurin mai keken haya na bakin kasuwa. Baƙaƙen kekunan nan ne na manya, yaro ba ya kai sirdi, sai ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa a karkace. Sadatu ta zaci uban zai yi faɗa. Ina! Illo farin ciki ya yi kamar an yi masa bushara. Ga abin da ɗansa yake so, kuma abin ƙura ce a ƙarƙashinsa, ba ruwa ba.

Ana cikin haka Malam Abdussamadu ya sanar cewa ranar bikin mulkin kai za a yi tseren keke na 'yan makaranta a filin wasa. Yari bai roƙi komai ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi a wurin cin tuwo, ɗan alƙali da ɗan mai kanti suna da kekunansu, shi kuma zai je kallo. Illo ya ajiye lomar da ya ɗauko. Kallo kuma? Yaron nan kallo yake yi a bakin gulbi tun da ya yi wayo, yanzu a tudu ma sai kallon?

Jirgin Dankure yana nan kife a gindin tsamiyar ƙofar gida tun rasuwarsa, Illo bai taɓa yarda kowa ya taɓa shi ba. Kafin mako ya zagayo wani masunci daga Augie ya zo ya biya kuɗi, mutanensa suka ɗauke shi. Sadatu ta tsaya a bakin zaure tana kallon gurbin da jirgin ya bari a ƙasa, inda ciyawa ba ta tsiro ba. Yari ma ya gani.

Washegari Illo ya hau lori zuwa Birnin Kebbi. Bai tafi da yaron ba, wai so yake ya ba shi mamaki.

A Birnin Kebbi yana da amini, Kefas mai gyaran keke, Kirista mutumin ƙasar Jos, wanda ya zo garin tun yana saurayi ya kafa rumfarsa a gindin wani ɗurumi. Matarsa Roda ce ta fara sayen bandar kifi a hannun Illo, daga nan ciniki ya zama zumunci, har in Kirsimeti ta zo akan aika wa Sadatu da shinkafa da nama, in Sallah ce a rama. Bayan an gaisa an sha ruwa, Illo ya faɗi abin da ya kawo shi.

Kefas ya ce, "Ka zo a kan gaɓa, Malam Illo. Baturen gona yana haɗa kayansa, ya bar mini kekuna biyu in sayar. Zo ka gani."

Ya janye wani buhu. Na farko ƙarami ne, ja, da 'yar ƙararrawa, ba shi da sanda a tsakiya. Na 'yar Baturen ne. Na biyu kuwa Illo bai taɓa ganin irinsa ba. Siriri ne, launin toka mai sheƙi, tayoyinsa ba su fi kaurin yatsa biyu ba, kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Kefas ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce wannan na tsere ne, Baturen da kansa yake hawansa da yamma a hanyar Argungu.

Illo ya shafa shi kamar yadda ake shafa doki. Ya ce, "Wanga nika so."

"Yari ya kai ina yanzu?"

Illo ya sa hannu a ƙirjinsa, sannan ya ɗan ƙara ɗagawa sama, don uba ba ya rage wa ɗansa tsawo.

Kefas ya girgiza kai. "Jan nan ne nasa. Wancan ya yi masa girma."

"Wanga ja? Keken mata na, Kefas! In shiga Argungu da keken ɗiyar Bature, ɗana shi hau gaban mutane? Da ma suna ce mishi kazar tudu. Yaro kuwa girma shikai. Ko riga ba a ɗunka mishi daidai jiki, sai a sake ta shi girma ciki."

Nan fa gizo ke saƙar. A ƙasarmu ba a yi wa yaro abu daidai shi. Riga sai ta sauko masa har ƙauri, takalmi a cusa tsumma a gaba, hula ta rufe kunne, wai kada a yi asara baɗi. Illo ya ɗauki keke a layin riga da takalmi. Ko sau ɗaya bai kawo gora a ransa ba, domin gora ta ruwa ce, shi kuwa a ganinsa a ruwa kaɗai ake mutuwa.

Kefas bai yi gardama da baki ba. Ya ƙwala wa 'yarsa Sara kira, sa'ar Yari ce, har ta ɗan fi shi tsawo. Ya ɗora ta a kan keken ya riƙe, ya ce ta kama ƙahon ta matse birki. Yarinyar ta miƙa yatsu, ta ƙara miƙawa har ta cije leɓe. Kan yatsanta na tsakiya ne kawai ya shafi ƙarfen.

"Ka gani? Sirdi zan iya sauke shi ƙasa. Feda zan iya ɗaura mata katako ƙafarsa ta kai. Amma birkin nan na hannun babban mutum ne, ba yadda zan yi da shi."

Illo ya ce, "Wagga ɗiya mace ta. Hannun namiji daban na."

Roda, wadda ke tankaɗe a gefe, ta ce, "Baban Yari, hannun yaro dai hannun yaro ne. Da ka kawo shi an gwada."

Illo ya yi ƙememe. Ya ce in Kefas ba zai sayar masa ba, ya faɗa masa, ya san hanyar gidan Baturen. Kefas ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Daga ƙarshe ya tambayi inda za a yi tseren. Illo ya ce filin makaranta ne, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ga yashi ta ko'ina.

"To ka yi mini alkawari ɗaya. Fili kawai. Kada ya hau shi a gangare, ko na taki goma ne, sai hannunsa ya kai."

Illo ya yi alkawari, har da dafa ƙirji. Kefas ya sauke sirdi, ya ɗaura katako a feda da waya, aka ɗora keke a kan lori.

Ranar da keken ya shiga unguwar masunta, ko amarya ba ta tara mutane haka ba. Yari ya tsaya yana kallonsa bai taɓa ba, sai da uban ya tura shi. Da yamma suka tafi filin makaranta. Yaron ya hau, ya yi tangal-tangal, ya miƙe, sai ga shi yana zagaya filin kamar iska na tura shi. Illo ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun Dankure na raye. In Yari zai tsaya, sai ya nufi inda yashi ya yi tudu, keken ya rage gudu, ya diro gefe. Uban ya ɗauka wasa ne irin na yara.

Sadatu ce ta leƙa filin rana ta uku, ta dawo fuskarta ba walwala. Ta ce, "Malam, yaron ga ba ya tsai da keken ga. Dira shikai. Ka diba hannunai."

"Ke mi kinka sani ga keke?"

"Ban san keke ba. Na san ɗana."

Ya ce ta bar shi da fitina. Ita kuwa ta koma ta ci gaba da ninke sabuwar rigar da tela ya ɗinka wa Yari don bikin, fara, mai faɗin wuya, wadda aka saki sosai don ta kai shi Sallah biyu.

Ana gobe biki aka yi ruwan bankwana na damina, mai yawa. Da ma gulbi ya cika ya malale fadama. Da gari ya waye garin ya ɗauki kiɗa, 'yan makaranta sun yi layi da 'yan tutocinsu kore da fari, mata na guɗa ba su ma san wa suke yi wa ba. Illo ya sa babbar rigarsa, ya tura keken da kansa har ƙofar makaranta, ya miƙa wa Yari. A nan ya ga filin wasa ya zama tabki, kwaɗi na kuka a inda ya kamata a yi tsere.

Malam Abdussamadu ya hau kan benci ya ɗaga murya. Ya ce tunda fili ya jiƙe, a kan hanyar mota za a yi. Za a tashi daga ƙofar makaranta, a bi ta gefen kasuwa, a gangara hanyar fadama har inda aka ajiye gangar ƙarfe, a zagaye ta a dawo.

Illo ya waiwaya wajen kasuwa. Ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Daga kasuwa gangare ne mai tsawo, a ƙarshensa hanya ta zama siririn tudu da aka cike a tsakiyar fadama, ruwa dama da hagu, ga kwalbati inda ruwan ke kutsawa ta ƙarƙashi da ƙarfi. Muryar Kefas ta dawo masa: ko na taki goma ne.

Ya kutsa cikin yara har ya kai wurin Yari, ya kama kan keken. Ya ce a hankali, "Sauka. Mu tahi gida."

Yaron ya ɗago ido. Kafin ya yi magana wani saurayi daga cikin 'yan kallo ya ce, "Kazar tudu ta hangi ruwa!" Aka fashe da dariya. Illo ya ga kunnen ɗansa ya motsa, ya ga yadda ya ƙanƙame ƙahon keken.

"Baba, ka bar ni. Na iya."

"Kana iya tsai da shi?"

Yari ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan tayar gaba. Illo ya ga haka sarai. Mutumin da ke gane motsin kifi daga rawar ciyawa ba zai kasa gane yaron da ke kauce wa idonsa ba. Sai dai dariyar nan tana ci masa rai, ga mutanen unguwa duk sun zuba ido su ga abin da jirgin Dankure ya zama. Ya tsaya yana auna abin, hannunsa ya yi sako-sako. Malam ya busa usur. Keken ya zame daga hannunsa.

Da kekunan suka ɓace masa sai hankalinsa ya dawo jikinsa gaba ɗaya. Ya tattare babbar riga ya ruga. Bai bi hanyar mota ba, ya yanke ta lungun masu banda, ya tsallake wani danga, ya ture wata mata da tulu ko waiwaye bai yi ba. Takalmi ɗaya ya fita, ya yar da ɗayan. Yana gudu yana kiran sunan Allah, yana jin ihun mutane daga can wajen kasuwa, alamar yaran sun kai kan gangare.

Ya fito bakin fadama ƙirjinsa kamar zai tsage. Ga ganga a tsakiyar hanya, ga wasu masunta tsaye kusa da ita suna jiran kallo. Bayan gangar kaɗan ga kwalbati, jan ruwa yana murɗawa a bakinsa. Ya ɗaga kai.

Farar riga ce a gaba, ta ba sauran tazara mai yawa. Siraran tayoyin nan da aka yi don gudu sun samu abin da suke so. Sauran yaran a kan baƙaƙen kekunansu sun fara matse birki, ana jin ƙugin ƙarfe. Na Yari ko alamar ragewa babu. Mutane na tafi, suna cewa ɗan Illo ya ci. Illo kaɗai ya ga abin da ke faruwa: yatsun yaron suna buɗewa suna rufewa a iska, suna neman ƙarfen da ba su kai gare shi ba.

Ya daka tsalle tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa, wai ya tare shi da ƙirji. Yari ya gan shi. Maimakon ya banke ubansa, sai ya karkatar da kan keken. Ya wuce ta gefensa har iskar ta kaɗa masa riga, ya wuce ganga, ya ce "Baba!" sau ɗaya. Tayar gaba ta bar gefen hanya, yaro da keke suka faɗa ruwan da ke sama da kwalbati.

Ba wanda ya motsa. Ɗan masunci ya faɗa ruwa, a ce mene ne? Mutane jira suke su ga ya taso yana dariya. Illo ne kaɗai ya san ba zai taso ba, domin shi ya hana shi koyo.

Bai san lokacin da ya fita daga babbar rigarsa ba. Ya nutse. Ruwan damina ne, ba a ganin ko tafin hannu, sai lalube, irin wanda yake yi wa kifi a rami. Ya shafi laka, ya shafi ciyawa, ya shafi dutsen da aka cike hanya da shi. Ruwan na jansa zuwa bakin kwalbati, ya san in yaron ya shige ciki, sai dai a jira shi ta ɗaya gefen. A irin wannan duhun ya laluɓo Dankure. Ya kori tunanin, ya ƙara nutsawa.

Hannunsa ya bugi taya. Ya bi ta zuwa ƙarfen jiki, ya bi ƙarfen zuwa sirdi. Keken ya gicciye a bakin kwalbati, shi ya hana ruwa wucewa da su. Ya miƙa hannu gaba ya ji tufa, a cikin tufar ya ji haƙarƙari. Ya rungumo ya ja. Yaron bai taho ba. Ya sake ja da ƙarfi, keken duka ya motsa, ya ji yana shirin zamewa cikin ramin. Ya daina. Ya laluba ya gane: bakin rigar ne ya naɗe a lanƙwasar ƙahon, ruwa ya murɗe shi ya yi tam. Ya kai hannu damtsensa inda wuƙarsa ke zama kullum, babu, ya bar ta gida saboda kwalliyar biki. Ya sa haƙori, sabon yadi ne, ya ƙi yagewa.

Numfashinsa ya fara ƙarewa. Shekarunsa ba na da ba ne, ga gudun da ya sha. Kunnuwansa suka ɗauki ƙara. Yaron kuma ya daina motsi, wannan ya fi komai tsorata shi. Sai ya tuna faɗin wuyan rigar. Ya ɗaga hannuwan Yari sama, ya kama shi ta ƙugu, ya ja shi ƙasa maimakon sama. Yaron ya zame daga cikin rigar sumul, ya bar ta a jikin keken. Illo ya taka dutse ya tunkuɗa.

Masunta suka karɓe su a gefen hanya. Aka kifa Yari a kan gwiwar ubansa, kansa a ƙasa, Illo yana danna masa baya. Ba motsi. Ya danna, ya jijjiga, ya kira sunansa. Wani tsoho ya fara salati a hankali, irin wanda ake yi in an fid da rai, Illo ya daka masa tsawar da bai taɓa yi wa babba ba. Ya sake dannawa. Sai ruwa ya ɓulɓulo daga bakin yaron da hancinsa, ya yi tari, ya ja numfashi mai ƙara, ya fashe da kuka.

Illo ya rungume shi, shi ma kukan yake yi a gaban duk Argungu, bai damu ba. Da yaron ya samu bakin magana, a kunnen uban ya faɗa.

"Baba, hannuna bai kai ba. Tun ran hwarko bai kai ba."

"Mi yah hana ka hwaɗa mani?"

"Jirgin Dankure na kas sai da."

Illo ya miƙe. Ya ɗauke shi a kafaɗa, tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya bi ta tsakiyar masu tuta da masu kiɗa har gida. Sadatu na ƙofar zaure, labari ya riga su. Ta karɓi ɗanta, ta dubi mijinta ido cikin ido, ta juya ta shige da yaron ciki, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da ruwa ya ja baya aka ciro keken, ƙaho ɗaya ya karye. Illo ya mayar wa Kefas da kansa, ya faɗa masa yadda aka yi bai rage komai ba, har alkawarin da ya karya. Kefas ya saurara, ya share ido da bayan hannu, ya shiga ciki ya turo jan keken. Illo ya sauka daga lori a Argungu ranar kasuwa, ya ɗora keken 'yar Bature a ka, ya ratsa ta tsakiyar mutane. Wanda duk ya so yin dariya, da ya dubi fuskarsa sai ya fasa. Yari ya hau wannan keken har gwiwarsa ta fara bugun kan keken, daga baya ya zama malamin asibiti. Illo kuwa ya tsufa a bakin gulbi, taurin kansa bai ragu ba, sai dai ya sauya wurin zama: in ya ga uba zai saya wa yaro wani abu, ko lauje ne, sai ya tsaya a kansa ya ce a ba yaron ya riƙe tukuna.

Amma abin da Sadatu ta fi ba jikokinta labari shi ne wata safiya, kwanaki kaɗan bayan bikin, tun kafin a je ɗauko jan keken. Illo ya ta da Yari, ya kama hannunsa suka nufi bayan gida inda tulin gorar gidan yake a ƙarƙashin rumfa, ƙura ta rufe su. Ya ture manyan gefe, ya zaro wata 'yar ƙarama, ya busa mata ƙura, ya ajiye a gaban yaron.

"Rungume ta."

Yari ya dubi ubansa, ya dubi uwarsa da ke tsaye a bakin ɗaki. Ya durƙusa ya zagaye gorar da hannuwansa. Illo ya zagaya ta baya ya tsuguna, ya duba da idonsa, bai yarda da gyaɗa kai ba. Yatsun sun haɗu, har ɗaya ya hau kan ɗaya.

"Ya kai?"

"Ya kai, Baba."

"Tau ɗauko ta. Mu tahi gulbi."